Tsarabar Da Na Sayo A Agadas

Daga admin: Wata 'yar'uwa ce ta turo wannan, ta roƙi a ɓoye sunanta da lambarta. Mun saka shi yadda ta rubuto. A yi mata magana da hankali don Allah.

Assalamu alaikum jama'ar wannan gurup, manyana da ƙannena. Don Allah ku ba ni shawara, kuma ku yi haƙuri da tsawon rubutun, shekara biyar ke nan maganar tana cikina ban taɓa fito da ita ba, yau kuma in na fara ban san inda zan tsaya ba. Sunayen da za ku gani duk na canza su. Tun daga farko ina so ku sani ba ni ce mai gaskiya a labarin nan ba, kada wani ya ɓata lokacinsa yana lallashina.

Ni 'yar Madarunfa ce, shekarata talatin da ɗaya, ina da aure da yaro ɗaya. Ina da aminiya tun ƙuruciya, bari in kira ta Barira, katanga ɗaya ce tsakanin gidanmu da nasu. Tare muka yi lakwal, wato makarantar boko, tare muka bari, tare muke sammako bakin tabki mu saro kifi mu soya mu kai tasha. Aurenmu na fari ma kusan tare ya mutu, nata ya riga nawa da wata uku. Ina sonta, wannan Allah ya sani, amma tun muna yara akwai abin da ke tsaya mini a wuya in an yabe ta a gabana, ko da kitso ne aka ce nata ya fi zama. Ita ba ta da wannan halin ko kaɗan, in an yabe ni har ƙarawa take, wannan ma haushi yake ba ni.

Muna zawarci ne wata Hajiya ta fara zuwa unguwarmu daga Maradi tana sayar da mayafai da turare, mai fara'a, kowa 'yata kowa ƙanwata. Ita ta kawo zancen aikin gida a Libiya, shara da wanki da kula da yara, albashi duk wata, kuɗin mota ma ita za ta biya, shekara biyu mutum ya dawo ya gina ɗakinsa ya ja jari. Barira ba ta so ba, ta ce hankalinta bai kwanta da matar da ke biya wa mutum mota ba ta san shi ba. Ni na zauna mata. Kwana da kwanaki ina yi mata gori, ina ce mata za ta tsufa da ƙarnin kifi a hannu, har ta yarda. Ku riƙe wannan, ni na ja ta. Ranar tafiya Innata ta sayar da awakinta biyu ta yi mini ɗinki da guzuri, rabin unguwa suka raka mu tasha kamar masu tafiya Makka.

Ba zan ba ku labarin hanya ba, waɗanda suka bi ta sun sani. Abin da zan faɗa shi ne tun a Agadas Hajiya ta miƙa mu hannun wasu maza ta ce tana biyo mu a baya, ba mu ƙara ganinta ba. Da muka isa can aka karɓe takardunmu da wayoyinmu, aka tara mu a wani gida, mata suna zuwa suna duba mu, har haƙora wata ta sa na buɗe mata. Aka raba ni da Barira a rana ta huɗu. Matar da ta ɗauke ni da na yi wata biyu na tambayi albashi, sai ta yi dariya ta sa aka fassara mini cewa ita ta riga ta biya kuɗina gun wanda ya kawo ni, ni kayanta ce. Shekara ɗaya da wani abu ban taka bakin ƙofa ba, a kicin nake kwana, abin da yara suka rage nake ci. Ranar da na ƙona mata riga da dutsen guga ta kama hannuna ta ɗora mini shi a damtse, tabon yana nan kamar tafin hannun yaro. Daga baya ta sayar da ni ga wani gida, shi kuwa gida na biyun maza ne suka yi yawa a cikinsa, abin da ya same ni a can ba zan rubuta ba, mata za su gane.

Allah ya fitar da ni ta hannun wata tsohuwa 'yar Damagaram mai kawo musu kayan miya, ita ta nuna mini inda zan gudu. Bayan wata da watanni aka kwaso mu da yawa aka dawo da mu wani sansani a Agadas, a nan na ga Barira a layin abinci, ta rame har sai da ta kira sunana na gane ta. Mun yi kuka ranar, kuka na gaskiya. Ta ba ni labarinta na ba ta nawa, ba abin da na rage. Ita ma ta sha wuya, an doke ta, an hana ta abinci, amma gida ɗaya ta zauna kuma na mata ne zalla. Ko ita da bakinta ta ce nawa ya fi nata muni.

To a sansanin akwai wani ɗaki da wata madam ke zama da littafi, aka sanar cewa duk wadda aka yaudara aka sayar da ita ta shiga ta faɗa, za a rubuta sunanta a bi ta da taimako har garinsu. Barira ta shiga, ta daɗe, ta fito idanu a kumbure. Da aka zo kaina na ce ni aiki na je kuma na gama, ba wanda ya sayar da ni. Kun san me ke cikin kaina a lokacin? Tsaraba. Wallahi tsaraba. Kun san halinmu, in mutum ya dawo daga tafiya mata za su yi ta sallama kwana bakwai ana sannu da zuwa, baki yana tambayar ya hanya ido yana kan jaka, kuma ba a sallamar kowa hannu wofi ko da dabino uku ne. Na tuna awakin Inna, na tuna masu rakiya, na tuna matan da na yi wa kallon banza ranar da zan tafi. Na ji gara in mutu a Agadas da in shiga Madarunfa da leda.

Ɗan abin da aka ba kowa na komawa gida da kama sana'a, ni kasuwa na shiga da nawa. Kayan Libiya ai cike suke a Agadas, na sayi barguna masu laushin nan guda shida, da dabino, da turare, da mayafai, da wata babbar balis, wato akwati mai taya, na zauna na cire duk wata leda da takarda da za ta nuna inda aka saye su. Barira tana zaune tana kallona, abin da ta ce kawai shi ne, “Ke kam, wa za ki ruɗa da wanga? Kanki ko su?” Na ce ba ruwanta. Kafin mu hau mota na ari Alƙur'ani gun wata mata na sa ta dafa, ta rantse ba za ta taɓa faɗa wa kowa abin da ya same ni ba, ko uwarta. Ta dafa tana kuka.

Ranar da muka sauka ni da balis ita da baƙar leda. A gidanmu guɗa ake yi, ta bayan katanga kuma muna jin kukan uwar Barira, don ita tun a daren farko ta zaunar da uwarta ta gaya mata komai nata. Inna ta raba barguna, ɗaya gidan liman, ɗaya gidan yayana, ɗaya ta shimfiɗa a gadonta duk wanda ya shigo sai ta sa ya shafa. Da aka tambayi ramar da na yi na ce abincinsu ne bai karɓe ni ba, tabon hannu kuma na ce mai ne ya fallatso mini ina suya. Da aka tambayi ina sauran kuɗin na ce suna ajiye, mutane kuwa suka ƙara da nasu, kafin wata guda an ce na sayi fili a Maradi. Ban ce e ba ban ce a'a ba. Barira kuwa ta zama abin nuni, tare suka tafi ɗaya ta dawo da arziki ɗaya ta dawo da leda da surutu. Zan faɗa muku gaskiya, na ji daɗin watannin nan. Karo na farko a rayuwata ana haɗa mu ana cewa ni na fi.

A kan wannan labarin na samu mijin da nake aure yanzu. Direba ne, yana jigila tsakanin Maradi da Ɗan Issa, mutumin kirki, bai taɓa ɗaga mini murya ba. Uwarsa tana cikin masu zuwa sannu da zuwa, ta samu mayafi, ta koma gida ta ce masa ga mace mai zuciyar nema, ta je ƙasar Larabawa ta dawo da mutuncinta ba irin wasu ba. Har yau in ya zauna da abokansa sai ya ce matarsa ta ga duniya. Da ya tambayi kuɗin bayan aure na ce wanda na ba ajiya ya cinye, ya yi ta ba ni haƙuri har da cewa Allah zai saka mini.

Sai abubuwa suka juya. Wajen wata takwas da dawowarmu wata farar mota ta tsaya ƙofar gidan su Barira, mutanen furoje ne, wato ƙungiyar agajin nan ta sansani, suka biyo sunan da ta rubuta. Suka kai ta likita aka duba ta, suka kai ta Maradi ta yi formasiyo, wato koyon sana'a, na wata uku, ta dawo da injin matsar man gyaɗa. Aka kira ta gidan rediyon garinmu ta ba da labarinta da muryarta, ranar ko'ina ka bi ita ake saurare, matan da suka yi mata dariya su ne suka riƙa share hawaye da bakin zane. Daga nan aka fara yawo da ita faɗakarwa, yau Gabi gobe Sarkin Yamma, a tara mutane ƙofar maigari ta tsaya ta gaya musu yadda masu safarar mutane ke zuwa da fara'a da kuɗin mota, yadda ake karɓe takardu, da inda mutum zai kai ƙara in ya ga alama. Har Yamai an kai ta sau biyu. Yanzu in ta wuce, dattawa ne ke fara gaishe ta.

Za ku ce injin nake wa hassada ko motar. Da farko ni ma haka na zata. Amma mijina bai rage ni da komai ba, firigo gare ni ina sayar da ƙanƙara da lemu, ban rasa ci ba ban rasa sutura ba. Abin da ke ci na daban ne. Duk ranar Laraba da la'asar matan da suka dawo irinmu suna taruwa a rumfar gidan su Barira, sun kai goma sha, wasu daga ƙauye suke zuwa. Wata madam tana zuwa wani lokaci ta zauna da su, aikinta kawai ta saurara. Suna kwaɗa zogale su ci, su yi kuka, can kuma sai ka ji sun fashe da dariya. In na je gaida Inna ranar Laraba ina jin su ta katanga, sai in ji kamar in ɗauki turmi in jefa musu. Barira ta yi ƙiba, fatarta ta dawo, tana naɗe hannun riga a gaban kowa ta nuna inda aka doke ta. Ni ko a zafin bazara dogon hannu nake sawa. Uwarta ta san abin da aka yi wa 'yarta, ta rungume ta, ta yi mata addu'a a kan abin da ya faru da gaske. Ni tawa uwar addu'ar da take mini ita ce Allah ya ƙara buɗi irin na Libiya. Ni aka fi zalunta, ni aka ƙona, ni aka sayar sau biyu, amma ita ake ce wa sannu. Shekara biyar ba wanda ya taɓa ce mini sannu, kuma na san ni na hana, sanin hakan bai rage mini komai ba.

Sai na fara sakin magana. A gidan suna, a gidan biki, in zancenta ya taso sai in taɓe baki in ce kowa da irin gidan da ya faɗa, wanda ya iya aiki ba a dukansa. Wata rana na ce Barira tun can raguwa ce. Wata rana kuma, wannan ita ce ta fi muni, na ce ai furoje biyanta suke ta yi kuka, in ta daina kuka injin ma karɓewa za su yi. Maganar nan ta yi ƙafa fiye da yadda na zata. An gaya mini a wani ƙauye tana cikin magana wani mutum ya miƙe ya ce ai wadda kuka tafi tare ta dawo da balis, ke dai ba ki yi sa'a ba, taron ya watse da dariya. Da kalma ɗaya za ta iya gamawa da ni a wurin, ba ta yi ba. Ta ce masa ita labarinta ta zo bayarwa ba na wani ba. Da na ji haka maimakon in ji kunya sai na ji wani sabon haushi, wato ko a riƙon amana ma sai ta fi ni.

Mun daina shiga gidan juna, in mun haɗu a hanya gaisuwa ce sama-sama. Haka muke har watan jiya.

Yayana da muke uwa ɗaya uba ɗaya manomi ne, yana da 'ya, zan kira ta Sa'a, shekararta goma sha tara. A hannuna ta girma, ni na yaye ta, ni na fara yi mata kitso. Ta zauna jarrabawar birbe sau biyu ba ta samu ba, daminar bana kuma gero bai yi musu kyau ba. Sai ga wata mata, ba Hajiyar da ba, wata ce sabuwa amma bakinsu ɗaya, ta shiga gidajen unguwarsu da zancen aiki a Libiya. Ashe da sunana take talla. Duk wanda ya nuna tsoro sai ta ce ku je ku tambayi wance, ba 'yar garinku ba ce, ba da idonku kuka ga abin da ta kawo ba? 'Yan mata huɗu suka ba da suna, Sa'a ce ta farko. Ni ban sani ba sai da yayana ya zo da kansa yana murna, wai ɗiyarki za ta gaje ki.

Na yi abin da zan iya ba tare da na tona kaina ba. Na ce masa yanzu ba kamar da ba ne, hanya ta lalace, ƙasar ba lafiya. Ya ce matar ta ce ta sabuwar hanya za a bi. Na ce Sa'a yarinya ce ba za ta iya aikin ba, ya ce ni da na iya da ƙaho aka haife ni? Na ce a bari in nema mata jari ta riƙa sayar da ƙanƙara tare da ni, a nan matarsa ta saka baki, ta ce dama ta san za a yi haka, baƙin ciki nake kada ɗiyarta ta je ta dawo ta fi ni, ni kaɗai nake so a riƙa nunawa a dangi. Ku ji fa. Inda nake hassadar ba wanda ya gani, inda kuma nake son ceton yarinya a nan aka ce hassada ce. Har Inna sai da ta kira ni ta ce in ji tsoron Allah, kada in tare wa baiwar Allah hanya, ai arziki ba na mutum ɗaya ba ne.

Barira ta ji labari ta tafi gidan yayana. Bai bari ta zauna ba. Ya ce mata ta je ta yi kukanta inda ake biyanta, nan ba furoje ba ne. Maganata ce, da bakina na ƙera ta, ita ya ɗauka ya kore ta da ita. Ta kai maganar matar gun jandarma, suka zo ba su samu matar ba, ta riga ta bar garin, yanzu ta waya take magana da iyayen yaran, ta turo kuɗin mota ta ce kowace ta hau kar, wato bas, ita kaɗai kamar mai zuwa ganin dangi, a haɗu a Agadas. Biyu daga cikin huɗun iyayensu sun janye bayan zuwan jandarma. Sa'a da ɗayar suna nan kan bakansu, kuma an ce tunda ta kai shekaru kuma da takardunta ba mai iya sauke ta daga mota in ita ta ce ziyara za ta.

Shekaranjiya da rana ina ƙulla ƙanƙara sai ga sallamar Barira, rabon da ta taka gidana tun sunan ɗana. Ba ta zauna ba. Ta ce, “Na dahwa Alƙur'ani, ban hwaɗi ba, kuma ba ni hwaɗi ko bayan raina. Amma ɗiyarki ce. Ni sun ce ƙarya nike, ke ɗai za su ji.” Na ce mata ta fita mini daga gida, ta samu abin da take so ai, so take in zo in durƙusa a rumfarta a ce ashe Barira ce mai gaskiya. Sai ta ce, “Wallahi in kin so ki ce ni ma ƙarya nike, ki ce komi a kaina, ki dai hwaɗa musu naki. Mi za ni yi da gaskiyar in Sa'a ta tahi?” Ta sa takalmanta ta fita. Na zauna a wurin har ƙanƙarar ta narke a roba.

To ga inda nake. In na faɗa, ba yayana kaɗai zai ji ba, matarsa ba ta iya riƙe magana ko ta minti biyar, kafin magariba ta kai gidan surukata. Matar da ta zaɓe ni don na dawo da mutuncina za ta ji gida na biyu. Mijina zai san shekara huɗu yana kwana da ƙarya, yana ba ni haƙuri a kan kuɗin da ba a taɓa yi ba. Ban san ko zai riƙe ni ba, kuma in ya sake ni ban ga laifinsa ba. Inna tana da hawan jini. Sannan duk wanda ya ci dabinon nan ya shafa bargon nan zai tuna. Wannan duk tsoro ne, kuma na san za ku gane shi. Abin da nake jin kunyar rubutawa shi ne, in na rufe ido na ga kaina ina faɗa, ba fuskar mijina ke fara zo mini ba, fuskar matan unguwa ce suna juyawa suna cewa Allah sarki Barira, ashe duk shekarun nan ita ke rufa mata asiri. Za ta ƙara girma a kan girmanta, ni kuma in zama maƙaryaciyar da ta ja ta ta kai ta, ta dawo tana zaginta. Wannan tunanin yana ƙona ni kusan yadda tafiyar Sa'a ke ƙona ni, kuma na tsani kaina a kan haka. Har na kama kaina ina cewa wataƙila Sa'a ta faɗa gidan kirki, ai akwai masu dacewa, in ta dawo da abin hannu shi ke nan maganata ta zama gaskiya. Alhali na san a gidan da aka tara mu mun fi talatin, ban san ko ɗaya da ta dace ba.

Na yi tunanin in kira Sa'a ita kaɗai in gaya mata in sa ta rantse, sai na ga abin da na yi wa Barira ne zan sake yi wa yarinya, kuma me za ta ce wa ubanta in ta fasa? Ɗayar yarinyar fa, ita ba 'yar kowa ba ce? Na yi tunanin in fara da mijina in ya dawo daga Ɗan Issa, in bar shi ya yanke abin da zai yanke, sannan in tafi gidan yayana. Na yi tunanin in je gun madam ɗin nan mai saurare in ce ta raka ni, amma hanyar zuwa gunta ta rumfar Barira ta bi, ƙafata kuma ta ƙi.

Tafiyarsu jibi ce da safe. Ɗazu Sa'a ta zo yi mini sallama, ta yi lalle hannu da ƙafa, ta zauna a bakin gadona tana ta zuba, za ta sai wa babanta shanun noma, za ta kai Inna Makka. Da za ta tafi ta riƙe hannuna ta ce, “Gwaggo, ki ba ni lambar matar da kinka yi ma aiki. In na isa ita za ni nema, in ce mata ni ɗiyarki ce, na san za ta riƙe ni yadda ta riƙe ki.” Na ce mata sai na duba, ta dawo gobe da hantsi.

'Yan'uwa, wanda ya taɓa ɗaukar irin wannan kayan ko ya san wadda ta ɗauka, ya gaya mini ta ina ake fara sauke shi. Da mijina zan fara ko da yayana? In faɗa duka ko akwai abin da zan iya ragewa yarinyar ta tsira? Kuma malamai na cikinmu, akwai addu'ar da ke cire wa mutum irin wannan abin daga zuciya, ya ga wanda ya yi masa alheri ya daina jin zafi? Duk abin da za ku faɗa ku faɗa, ina karantawa. Gobe da hantsi za ta yi sallama da takarda da biro a hannu, kuma ban san abin da zai fito daga bakina ba.